Darasi: na'urar zuba wa tantabaru hatsi da Arduino da rimot

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga unguwar Birni, nan Damagaram, muke gaishe ku. In kun ji iska na kaɗa makirfo ku yi haƙuri, hunturu ne ya shigo da ƙarfinsa. Auta, karkato kamarar wajen tebur, ba fuskata suka zo kallo ba.

Yau na'urar ba dabbobin gida abinci za mu haɗa. A Turai karnuka da kyanwoyi ake yi wa ita. Ni kuwa tantabaru 14 gare ni, saboda haka da hatsi za mu gwada. Mai kaji ko mai mussa ma za ta yi masa, muddin abincin busasshe ne mai gangarawa. Tuwo dai ba zai bi ta nan ba.

Ga kayan. Wannan shuɗin allon shi ne Arduino Uno, ƙwaƙwalwar aikin. A garin Ivrea na Italiya aka fara yin Arduino a 2005, don ɗalibai, shi ya sa bai da wuyar sha'ani. Da wuta bolt 5 yake aiki. Wannan ɗan injin sunansa sarbo, ba ya juyawa kamar fanka, kusurwar da ka ce masa yake zuwa ya tsaya, daga digiri 0 zuwa 180. Akwai SG90 mai haƙoran roba, akwai MG90S mai na ƙarfe. Ku sayi na ƙarfen, za ku ga dalili. Sai wannan baƙin abu mai ƙafa uku, VS1838B, idon da ke ganin hasken rimot. Sai agogo DS3231 da ɗan batirinsa CR2032. Waɗannan huɗun daga Kano na sa aka kawo mini. Sauran kuwa, jarka mai lita 5, guntun tiyo, murfin gwangwani da tsohon rimot na talabijin, duk a kasuwar Dole na tsinto su.

Mu fara da jarkar, don a nan wahalar take, ba a wayoyi ba. Na yanke gindinta, na kifa ta baki ƙasa, tana cin tiya ɗaya da ɗan kai. Na zura tiyon a bakinta, ƙarƙashin tiyon kuma ga murfin gwangwanin da na daidaita da guduma, na ɗaure shi a hannun sarbo. In ya kauce hatsi ya zubo, in ya dawo ya toshe. Auta, matso sosai. Kun ga wannan ɗan ratar tsakanin tiyo da murfi? Kada ta kai girman ƙwayar hatsi, in ba haka ba zai riƙa tsiyaya dare da rana. Kada kuma murfin ya goge tiyon. Sarbon farko da na sa mai haƙoran roba ne, ƴar tsakuwa guda ta maƙale a nan, injin ya yi ta gurnani har haƙoran suka cinye. Tun daga ranar sai an sheƙe hatsin an tankaɗe shi nake zubawa. Ku rufe saman jarkar da kyau kuma, saboda ƙura da ɓeraye.

Wayoyi yanzu. Sarbo uku gare shi: ruwan ƙasa zuwa GND, wato ƙafar negatif ta Arduino, ja zuwa bolt 5, ruwan goro zuwa ƙafa ta 9. Idon rimot, in kumburin yana kallonka, ƙafar hagu ce ke kai saƙo, ta tafi lamba 2, ta tsakiya GND, ta dama wuta. Wanda ya juya su, zai ji shi ya yi zafi, to idon ya mutu ke nan. Agogo: ƙafarsa mai suna SDA zuwa A4 ta Arduino, SCL zuwa A5. Wannan mai kamar ƴar ganga kafasita ce, mai lamba 470, a sa ta tsakanin ja da ruwan ƙasa na sarbo, ƙafarta mai farin zane a GND. Lokacin da injin zai tashi yana fizgar wuta, in babu ita sai Arduino ya suma ya farfaɗo.

A kwamfuta, cikin manhajar Arduino, ku sauke IRremote da RTClib, wato shiryayyun umarnin rimot da na agogo, Servo na sarbo kuwa yana nan ciki tun asali. Kowane maɓallin rimot da lambarsa. Ku buɗe Serial Monitor, wato tagar da Arduino yake nuna saƙo a kwamfuta, ku danna maɓallin da kuke so, ku rubuta lambar da ta fito. Ni maɓallin ƙara murya na zaɓa. In kun danna ba ku ga komai ba, ku haska kan rimot ɗin da kamarar wayarku. Ido ba ya ganin wannan hasken, amma yawancin kamarori suna nuna shi yana ƙyaftawa. In babu, wataƙila batir ne ya mutu.

Umarnin gajere ne: in wannan lambar ta zo, ko ƙarfe 7 na safe ya yi, ko 4 na yamma, buɗe digiri 40, jira rabin daƙiƙa, rufe. Rabin daƙiƙar nan da kofin shayi na auna ta, ina buɗewa ina dubawa, har na samu cikin kofi ɗaya. Naku zai bambanta, ya danganta da faɗin tiyonku. Akwai tarko a nan: ƙarfe 7 minti guda cur yake ɗauka, Arduino kuwa yana duba agogo ba ƙaƙƙautawa. In ba ka sa masa alamar cewa ya riga ya zuba ba, zai juye maka jarkar duka cikin mintin nan.

Wani zai ce, me ya sa sai an sayi agogo, Arduino bai iya ƙirga ba ne? Ya iya, kuma haka na fara yi, na ce masa duk awa 12 ya zuba. Lokacin zafin bara na tafi biki Maraɗi, kwana uku, hankalina kwance. Ashe duk sanda wuta ta ɗauke, daga sifili yake sake ƙirga, kuma kun san yadda take yi a watan Afrilu, bai taɓa kaiwa awa 12 ba. Ba don Inna ta ga tantabarun sun cika mata tsakar gida suna bin turmi ba, da na dawo na tarar da kango. Har yau in ta ga ina like waya da dalma sai ta ce, “Malam injiniya, yau wa za a bari da yunwa?” DS3231 da batirinsa yake tafiya, ko wuta ta tafi bai manta lokaci. Duk da haka ku haɗa na'urar da batirin sola, don in babu wuta ƙarfe 7 daidai, wannan cin ya wuce.

Rimot ɗin na tsakar gida ne kawai, mita kaɗan, kuma sai yana kallon idon. Ranar Damagaram tana makantar da idon, saboda ita ma tana fitar da irin wannan hasken. Shi ya sa na yi masa ƴar rumfa da kwali, na juya shi wajen inuwa. Mai son ya zuba daga nesa da saƙon waya, sai ya ƙara SIM800L, ɗan allon da ke karɓar saƙon waya, da layi, wannan darasin wata rana ne.

To, mu gwada. Auta, ja da baya, nuna kwanon. Bismillah. Kun ji ƙarar? Ga hatsi ya zubo, ya rufe tsaf, ko ƙwaya ba ta biyo baya ba. Ga farar nan ta sauko, kullum ita ce ta farko. Kai Auta, kori kazar nan, ba da ita aka auna ba! Mai tambaya ya aiko, sai mun haɗu a darasi na gaba.