Gilashi da sola ba su ne birnin gobe ba: abin da Masdar ta fara yi kafin komai

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyon da kuke gani yanzu, na san da yawanku kun riga kun ci karo da shi a Facebook ko TikTok. Katangar madubi ce a tsakiyar hamadar Saudiyya, wadda ake kira The Line. A kan takarda tsawonta kilomita 170, tsayinta mita 500, faɗinta mita 200, kuma an ce mutum miliyan 9 za su zauna a ciki. Duk inda aka sa shi, sai ka ga sharhi iri ɗaya a ƙasa: ai tunda da hasken rana za su riƙa samun wuta, magana ta ƙare, birni ya zama mai kare muhalli. To a nan ne ake yin kuskuren, kuma shi ya sa muka yi wannan shiri.

Ba za mu tsaya a kan The Line ba, don har yanzu yawancinsa zane ne a kwamfuta, rahotanni ma na cewa an rage girmansa sosai. Mu tafi inda aka riga aka gwada, aka zuba kuɗi, mutane suka shiga suka taka da ƙafarsu. Ga shi nan, birnin Masdar, kusa da filin jirgin saman Abu Dhabi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Tarihin a gurguje. An ƙaddamar da shirin a 2006, kamfanin Foster + Partners na Birtaniya ya zana taswirar, aka fara gini a 2008. Fili ne mai murabba'in kilomita 6, an yi nufin mutum kusan 50,000 su zauna a ciki, kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 22. Alƙawarin kuwa babba ne: babu hayaƙi, babu shara, babu mota. Ƙasar da man fetur ya azurta ce ta ce za ta gina birnin da ba ya buƙatar mai. Ku riƙe wannan, za mu ga inda aka kwana.

Yanzu ga tashar solarsu. Megawat 10 ce, ta fara aiki a 2009. Kyakkyawa ce a hoto, shi ya sa kowane bidiyo yake farawa da ita. Amma a lissafin waɗanda suka zana birnin, ita ce ta ƙarshe a layi. Abin da suka sa a gaba shi ne inda gini zai fuskanta da siffarsa, sai inuwa da iska da kaurin bango, sannan a ƙarshe a zo kan na'urori. Hujjarsu ita ce matakin farko kusan kyauta ne amma shi ya fi rage buƙatar wuta, na ƙarshe kuwa shi ya fi tsada, kuma abin da yake ragewa bai kai na farkon ba.

Bari mu tsaya nan mu ɗan daɗe, don wannan ne gundarin zancen.

Duk wanda ya taɓa ajiye mota a rana a watan Afrilu, ya rufe gilasai ya shiga kasuwa, ya san abin da zai tarar in ya dawo. Sitiyari ba ya taɓuwa. Hasken rana yana ratsa gilashi cikin sauƙi, ya faɗa kan kujera da dashbod ya koma zafi, zafin kuma ba shi da hanyar fita. Dogon bene mai bangon gilashi haka yake yi tun safe har yamma, sai dai shi yana da iyakwandishan da ke kokawa da zafin.

Ga lissafin, ku duba allon. Idan rana ta take, kowane murabba'in mita da ta haska kai tsaye yana karɓar kusan wat 1,000. Allon sola na yau da kullum yana mayar da kusan kashi 20 cikin 100 na wannan zuwa lantarki, wato wat 200. Tagar gilashi ta gama-gari mai girman murabba'in mita ɗaya, idan tana kallon yamma da la'asar, za ta iya shigar da zafin da ya kai wat 500 zuwa 600 cikin ɗaki. Iyakwandishan mai kyau yana cin wat ɗaya ya fitar da zafi kusan wat uku. Ku raba, za ku ga ana buƙatar wajen wat 200 don a kore zafin da wannan taga ɗaya ta shigar. Kenan kusan allon sola guda mai girman tagar zai ƙare aikinsa wajen gyara ɓarnar taga ɗaya tak, ba a kunna ƙwai ko ɗaya ba, ba a ɗora firji ba, ba a yi cajin waya ba.

To yanzu ku kalli wannan bene. Hawa 40, gilashi ta ko'ina. Ku dubi faɗin bangonsa, sannan ku dubi ɗan rufin da ke samansa. A ina za a jera solar da za ta biya wannan bashi? Ba za ta shiga ba. Dole a je wani wuri a share fili. Akwai gilashi na musamman mai rage zafin da ke shiga, gaskiya ne, kuma manyan gine-gine suna amfani da shi, amma tsada gare shi, kuma ragewa yake yi, ba ya hanawa.

Akwai wani abu kuma. Iyakwandishan ba ya kashe zafi, kwashe shi yake yi daga ciki ya watsa waje. Ku tsaya bayan injin da ke maƙale a bango ku ji iskar da yake hurawa. Idan gidaje dubu suna yin haka a lokaci guda, titi ya ƙara zafi, wanda zai iya takawa da ƙafa sai ya fasa ya hau mota, kwalta ta sha rana ta riƙe har dare. Da magariba sola ta tashi daga aiki, bango da kwalta kuwa lokacin suke sakin abin da suka tara. Sai a koma kan batir, batir kuma wani kuɗin ne.

Saboda haka tambayar farko da mai zana birni a ƙasar zafi yake yi ita ce ta yaya zai hana rana taɓa gilashi da ƙasa tun farko. Maganar inda za a samo wuta tana zuwa daga baya, bayan an san nawa ya rage.

Ga amsar Masdar. Ku dubi wannan titi, ko in ce lungu. Ƙunci gare shi da gangan, gine-ginen ba su da tsayi sosai, hawa kaɗan ne, kuma na sama sun ɗan turo kai gaba suna rufa wa na ƙasa. Rana ba ta samun damar sauka ƙasa sai na ɗan lokaci. An kuma karkatar da birnin gaba ɗaya, titunan ba su miƙe sak daga gabas zuwa yamma ba. Dalili? Ranar tsakiyar yini mai sauƙin magani ce, tana sama, ɗan baranda ya isa ya tare ta. Mai wahalar ita ce ta hantsi da ta la'asar, da take zuwa a kwance ta shigo ta taga har ƙuryar ɗaki. Titin da ya miƙe gabas da yamma zai sha ta safe da yamma. Karkatarwar kuma tana ba iskar da ke kaɗowa daga teku hanyar ratsa lungunan.

Wannan jan bango mai huji-huji da kuke gani ba ado kawai ba ne. Kwaikwayon mashrabiyya ne, irin tagar katako mai ƙananan ƙofofi da ake gani a tsofaffin gidajen Alƙahira da Jidda. Haske yana shiga, iska tana shiga, rana kai tsaye ba ta shiga, kuma na waje ba ya leƙen na ciki. A nan an yi shi da wani nau'in kankare da aka haɗa da yashin wurin, shi ya sa ko ƙura ta hau ba ta cika nunawa ba. Ni wannan dabara ta fi burge ni a kan duk na'urorin da ke garin, domin wanda ya yi ta ya san cewa ba kullum za a sami mai wanke bango ba.

Sai hasumiyar iska, mita 45. A samanta akwai ƙofofi da ke buɗewa ta ɓangaren da iska take zuwa, su rufe ɗaya ɓangaren, iskar ta gangaro ta cikin bututun, a fesa mata raɓar ruwa, ta fito a dandalin da ke ƙasa da ɗan sanyi. Mutanen Yazd a Iran da na tsohuwar Dubai sun daɗe suna yin irinta a gidajensu ba tare da wayar lantarki ko ɗaya ba. Masu zanen ma ba su ɓoye ba, sun ce sun yi nazarin tsofaffin birane irin Shibam ta Yaman, garin dogayen gidajen ƙasa da ke matse da juna.

Sauran kuma mu wuce da sauri. Waɗannan ƙananan motoci farare marasa direba, an so su zama hanyar zirga-zirgar birnin duka ta ƙarƙashin ƙasa. Tsada ta kashe maganar, aka tsaya a ɗan gajeren layi. Rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya taɓa aljihun aikin, aka yi ta ɗaga ranar kammalawa. Ƙura tana rufe allunan sola, dole a riƙa wankewa a ƙasar da ruwan shanta daga tace ruwan teku yake fitowa. Zuwa 2016 jami'an aikin da kansu sun amince cewa burin babu hayaƙi kwata-kwata ba zai cika yadda aka faɗa ba. Yau akwai hedikwatar hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, akwai ofishin Siemens, akwai jami'ar nazarin ƙirƙirarriyar basira ta Mohamed bin Zayed, amma mazauna ba su kusa da 50,000 ɗin nan ba.

Kuma ga abin dariya, ku dubi wannan fili. Wurin ajiye motoci ne. Yawancin masu aiki a birnin da aka ce babu mota, da mota suke zuwa daga wasu unguwanni, su ajiye a bakin gari su taka sauran. A ganina wannan ne babban rauninsa: an gina shi can gefe, nesa da inda jama'a suke zaune. Amma ku lura da abin da ya faɗi da abin da ya tsaya. Masu tsadar ne suka faɗi. Lungu da inuwa da jan bangon nan suna nan suna aikinsu, ba sa neman kayan gyara daga waje.

Wanda ya taso a cikin birnin Kano ko Zariya ko Agadas, na san tun ɗazu yake murmushi. Lungu mai ƙunci, bangon tubali mai kauri, ƙaramar taga can sama, soro mai rufin azara da ke da sanyi da rana, ai gidan kaka ne. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafi a hankali, kafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi. Mu kuma muka koma bulon siminti mai rami da rufin kwano, sabbin filaza a Abuja da Kano aka lulluɓe su da shuɗin gilashi, janareta na ruri a baya.

Ba cewa nake a koma yaɓe duk shekara kafin damina ba, wanda ya yi ya san wahalarsa. A Nijar akwai masu gwada hanya ta tsakiya. Mariam Issoufou Kamara, ƙwararriya a zanen gine-gine, tana cikin waɗanda suka zana rukunin gidajen Niamey 2000, da aka gina da bulon ƙasa da inji ya matse. Ita da Yasaman Esmaili kuma suka yi aikin garin Dandaji da aka kammala a 2018, inda aka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da irin wannan bulo. Ƙasar daga yankin aka haƙo ta, magina na gargajiya suka yi aiki tare da injiniyoyi. Bulon ya fi tubalin hannu jure ruwa saboda matsewar da ɗan simintin da akan haɗa masa, kuma ga rufin nan da kuke gani, ƙananan kubbobi ne na ƙasa da aka ɗora a kan ginshiƙai na zamani.