Fodkas: Saman tushen ƙwaƙwalwa da abin da tocila ke nunawa

Malam: Assalamu alaikum masu saurare, daga nan Damagaram. Likita da Hajiya, barkanku da zuwa. Yau muna kan saman tushen ƙwaƙwalwa. A ina yake?

Likita: Barka kadai, Malam. Tushen shi ne kan da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, kuma hawa uku ne. Na saman, wanda littattafai ke kira mesansefal, tsawonsa bai wuce santimita 2 ba. Ta gabansa akwai ginshiƙai biyu, ta nan umarnin motsa hannu da ƙafa ke sauka. Ta baya akwai ƴan tuddai huɗu, biyu na sama na gani, biyu na ƙasa na ji. A tsakiya kuma siririyar hanyar ruwan ƙwaƙwalwa ce.

Hajiya: Wadda in ta toshe wa jariri, kansa ya yi ta girma, maɗiga ta kumbura, idanu su kalli ƙasa. Sanƙarau ma yakan bar tabon da ke tare ruwan.

Malam: To, me ya sa kuke haska idon wanda aka buge a kai?

Likita: Saboda jijiya ta uku cikin jijiyoyin da ke fita daga ƙwaƙwalwa daga mesansefal take fitowa. Ita ke ɗaga fatar ido, ta juya ƙwayar ido, ta kuma tsuke baƙin ɗigon tsakiya. Mesansefal yana ratsa wata ƙofa mai kaifin baki a cikin tantanin da ya raba ƙwaƙwalwa sama da ƙasa. A ce ɗan kabu-kabu ya faɗi ba hular kwano, ƙashin saman kunne ya tsage, jijiyar jinin da ke ƙarƙashinsa ta yanke. Jini na taruwa, yana tura ƙwaƙwalwa cikin ƙofar, ta danne jijiya ta uku. Zaren da ke tsuke ɗigon ta wajen jijiyar suke kwance, su matsi ke fara samu.

Hajiya: Shi ya sa ɗigon ke buɗewa a ɓangaren da jinin yake. A cikin haske yakan kasance milimita 2 zuwa 4. In ka ga ɗaya ya kai 6, ka haska bai motsa ba, kada ka jira wayewar gari. Abin da ke ruɗar dangi, Malam, mutum yakan farfaɗo ya yi magana daidai, har ya ce a kai shi gida, bayan ƴan awoyi ya sume.

Malam: Amma shanyewar jikin a ɗaya ɓangaren take fitowa, ko?

Likita: Galibi haka, don zaren motsi sai can ƙasa, dab da laka, suke tsallakawa. Ido na dama, hannu da ƙafa na hagu. In toshewar jijiyar jini ce ta jawo haka, sunan likita Weber ake ba shi, wanda ya bayyana shi a 1863. Mai ciwon sukari kuwa fatar idonsa takan rufe, ido ya karkace waje, amma ɗigon yana tsukewa lafiya, domin tsakiyar jijiyar ce ta rasa jini.

Malam: Makyarkyatar tsofaffi fa?

Likita: Cutar Parkinson. Wani baƙin layi ne a mesansefal mai samar da dofamin, sinadarin da ke daidaita motsi, yake ƙarewa. Wannan sai mun ware masa rana.

Hajiya: Ga ma'aikatan ƙananan asibitoci: a riƙe wuya kada ya motsa, a ɗaga kan gado digiri 30, a ba da iskar oksijin. A duba ɗigon ido da ma'aunin Glasgow na auna zurfin suma duk minti 15, a rubuta lokacin. In makin Glasgow ya sauka zuwa 8, hanyar numfashi na cikin haɗari.

Likita: Kuma kada a ɗebi ruwan baya ga mai buɗaɗɗen ɗigo, ko da ana zargin sanƙarau, don hakan na ƙara jawo ƙwaƙwalwar ƙasa. A fara maganin sanƙarau, a tura shi babban asibitin Zinder da takardar awon a hannun mai rakiya.