Fodkas: Tanderun Carrie, Barewar Ƙarfe da Masu Zubin Tukunya

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun makon jiya zauren masu sauraro ba shi da zance sai bidiyon nan na birnin Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania a Amurka, inda aka ga Turawa sanye da hular kwano suna zuba narkakken ƙarfe a cikin yashi.

Nura: Wani ma cewa ya yi, ashe abin da yara ke yi a maƙera shi ake biyan dala a koya a Amurka.

Malam Isa: Ai bai yi ƙarya ba, amma ku bari in fara daga wurin kansa, wato tsohuwar masana'antar narka ƙarfe ta Carrie, don na taka shi da ƙafata. Ƙungiyar Rivers of Steel ce ke kula da shi. Da sanyi ya ja baya, ƙanƙara ta narke, sai su buɗe ƙofa ga baƙi. Tanderun Carrie na 6 da na 7, a bakin kogin Monongahela, an gina su a 1907, suka yi aiki har 1978. Tsayin kowanne ƙafa 92, kuma a zamaninsa yana fitar da tan dubu ko fiye na ƙarfe a rana.

Hadiza: A rana ɗaya, Malam?

Malam Isa: A rana ɗaya. Ta sama ake zuba tama da gawayin kwal da dutsen farar ƙasa, ta ƙasa kuma a hura iska mai tsananin zafi. Ƙarfe ya narke ya kwanta a gindi, dattin ya taso sama a kwashe. To ga abin da ya fi ba ni mamaki. Ba a jira ya huce. Da ruwansa ake ɗura shi a taragon jirgin ƙasa, a haye gada da shi zuwa masana'antar Homestead a ɗaya gaɓar, can a tace shi. Gadar tana nan har yau.

Nura: Ni dai labarin barewar ƙarfen nan da ke wurin nake son ji.

Hadiza: Nura, tun kafin mu kunna na'ura kake barewa, barewa.

Nura: Yaya Hadiza, kin ga hotonta kuwa? Kai ne kawai da wuya da ƙahoni, amma ta fi gidan bene.

Malam Isa: Kimanin ƙafa 40. A 1997, lokacin wurin kango ne ba mai gadi na kirki, wasu matasa masu fasaha suka riƙa shiga a ɓoye suna tattara bututu da waya da roba, suka ƙera ta.

Nura: To me ya sa barewa? Da ni ne raƙumi zan yi.

Hadiza: Raƙumi a Pennsylvania!

Nura: Wuyansa ya fi dacewa da bututu. Ga tozo, a samo tsohon tanki.

Hadiza: Ƙafafun fa?

Nura: Layin dogo, guda huɗu. Jela kuma sarƙa.

Hadiza: Sai ka ɗora masa sirdi baƙi su hau a ɗauke su hoto.

Nura: Kin ga har kuɗin shiga ya samu.

Malam Isa: Barewa ce ke yawo a wurin bayan mutane sun watse, ciyawa ta rufe ko'ina. Abin da suka gani suka ƙera. Amma ku saurara, ni damuwata ke nan da irin wannan yawon buɗe ido. Mutum ya je ya ɗauki hoton barewa da tsatsa, ya koma gida bai ji labarin waɗanda suka yi gumi a wurin ba. Awa 12 suke yi a gaban wuta a zamanin Andrew Carnegie, mai kamfanin ƙarfen. 'Yan ci-rani ne daga Sulobakiya da Hangari da Poland, daga baya baƙaƙen fata daga kudancin Amurka suka zo, su aka fi jefawa aiki mafi zafi. A 1892 manajan kamfanin, Henry Clay Frick, ya nemi rage albashi, ya kulle masana'antar Homestead, ya kewaye ta da shinge. Ranar 6 ga Yuli ya kawo 'yan Pinkerton, masu gadin haya, su wajen 300 a jiragen ruwa biyu. Ma'aikata da matansu suka tare su a bakin kogi, aka wuni ana harbi, aka rasa rayuka ta kowane ɓangare.

Hadiza: Carnegie yana ina?

Malam Isa: Yana Scotland, ya bar wa Frick wuƙa da nama. 'Yan Pinkerton sun miƙa wuya, amma gwamna ya turo dubban dakarun jiha, zuwa Nuwamba yajin aikin ya karye. Sai 1937 kamfanin U.S. Steel, wanda ya gaji na Carnegie, ya amince da ƙungiyar ƙwadago. Ginin Bost, inda shugabannin yajin suka zauna, yanzu nan ne ofishin Rivers of Steel. Ita kuwa masana'antar Homestead an rufe ta a 1986, aka rushe, aka gina kantuna, aka bar bututun hayaƙi 12 a tsaye.

Hadiza: Amma Malam, ba ka ganin bitar koyar da ƙira da zubin ƙarfe da suke yi wa baƙi ita ce maganin abin da kake tsoro? Wanda ya riƙe awartaki ya ji zafin wuta a fuskarsa, ai ba zai manta ma'aikaci ba.

Malam Isa: Nan na yarda da ke ɗari bisa ɗari. A ba ka dunƙulen yashi ka sassaƙa abin da kake so, a zuba alminiyom, ka jira ya huce, ka tafi da abinka. Kuma wasu cikin waɗanda suka riƙa zagayawa da baƙi tsofaffin ma'aikatan wurin ne. Can sama da kogin, a Rices Landing, akwai maƙerar W.A. Young ta 1900, injunanta har yanzu da bel suke juyawa, kuma maƙera kan taru a can a watan Afrilu su yi ƙira a bainar jama'a.

Nura: Zubin yashin nan dai shi ne na masu tukunyar dalma a Kano da Maraɗi. Su tattara gwangwani da tsoffin sassan inji, su narka, su zuba.

Malam Isa: Shi ne, Nura, sak. Bambancin kawai, namu suna ci da sana'ar, su kuwa can tsare ta suke kada ta ɓace. Ni abin da ya tsaya mini a rai Kakuri ne, unguwar masaƙu a Kaduna. Masaƙar Kaduna ta fara aiki tun 1957, dubban iyalai suka ci abinci a wurin. Mutanen suna raye, suna da labari a baki. Wa ke zama da su ya naɗa?

Hadiza: Wannan shiri ne guda da kansa. Mun yi alkawarin maganar jirgin ruwan da ke zagayawa da baƙi a kogunan Pittsburgh uku, da hayaƙin masana'antu na garin Donora na 1948 da ya kashe mutum 20...

Nura: Yaya, mai na'ura yana ta ɗaga mana hannu.

Malam Isa: Donora ba abin da za a yi a gurguje ba ne, a bar shi sai mako mai zuwa.

Hadiza: To shi ke nan. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta yi aiki a masaƙa, ya turo mana saƙon murya. Sai an jima.