Sharhi: A duba jikinsa kafin a ce ya taɓu

Masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan mutumin da aka kwana da shi lafiya, aka wayi gari yana sambatu, bai gane matarsa ba, yana fizge-fizge yana cewa ga wasu can tsaye bakin ƙofa. A yawancin gidajenmu nan Sakkwato, kafin hantsi an gama yanke hukunci. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce jifa aka yi masa, wani ya ce a nemo mota sai Kware, asibitin masu taɓin hankali. Da wuya ka ji wanda ya ce a taɓa goshinsa a ji ko akwai zazzaɓi.

Alhali ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin 'yan awoyi ko kwana ɗaya biyu, galibi daga jiki take tasowa. Jini ke ciyar da ƙwaƙwalwa, duk abin da ya ɓata jinin kuwa sai ya taɓa ta. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yana sa haka. Taifot yana sa haka. Sanƙarau ma haka, kuma mu ba baƙinsa ba ne: manya ba su manta annobar 1996 ba, ga ta 2017 da ta ratsa Zamfara da Sakkwato da maƙwabta. Irin wannan ruɗewa tana da alamunta. Marar lafiya bai san inda yake ba, bai san ko yau wace rana ba, da rana ya ɗan dawo hayyacinsa, dare na yi ya birkice. Sau da yawa ga zafin jiki, wani lokaci ga sanƙarewar wuya.

Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, suga na iya faɗuwa ya hau gumi da rawar jiki da faɗa da mutane; idan yana iya haɗiya, ruwan suga kan dawo da shi cikin mintoci, idan aka bar shi kuwa ana iya rasa shi. Dattijo kuma a bazararmu, lokacin da zafi ke wuce maki 40, ƙarancin ruwa a jiki ko ciwon mafitsara ya isa ya ruɗa shi. Sai 'ya'ya su ce tsufa ne, Baba ya fara rikicewa, su ja masa ƙofa. Tsufa ba ya zuwa cikin dare ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne lokacin da ake ɓatawa. Kwana uku ana hayaƙi da tofi, a wani gidan har da mari a ƙafa, cutar da allura za ta kashe tana can tana cin mutum. Babu mai hana addu'a, kuma babu musulmin da zai raina ta. A yi ta a gefen gadon asibiti, bayan an ɗebi jini an gwada.

Akwai kuma wadda ke shigowa sannu a hankali, ita ce ta fi ɓoyuwa. A wuya akwai wata halitta, wadda idan ta kumbura muke kira maƙoƙo. Idan aikinta ya yi ƙasa, mace ta yi ta jin kasala da sanyi da mantuwa da ƙuncin rai, a gidan miji a sa mata suna raguwa. Idan aikin ya yi yawa, sai faɗuwar gaba, rashin barci, rama da saurin fushi. Gwajin jini ke nuna shi, kuma yana da magani. Cikin mutum uku da suka yi shanyewar ɓarin jiki, kusan ɗaya kan faɗa ciwon damuwa, masu ciwon suga kuwa sun ninka sauran jama'a kusan sau biyu wajen kamuwa da shi. Wanda damuwa ta danne shi ne ke daina shan maganinsa, ya daina zuwa awo, ciwon jikin ya ƙara ƙarfi. Matashi mai sikila, ko matar da ta yi shekaru da yoyon fitsari dangi na gudunta, ko an ɗinke an sallame ta, akwai sauran aiki a zuciya.

Magunguna ma ba a bar su a baya ba. Dexamethasone da wasu 'yan mata ke saya a kemis don su yi ƙiba yana iya hana barci, ya jirkita hali, har ya kai ga gane-gane.

Mu juya ga wanda taɓin hankalin nasa na gaskiya ne. Da zarar an sa masa wannan suna, an daina sauraron jikinsa. Ya ce ƙirjinsa na ciwo, a ce ciwon nasa ne ya motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu matsanancin taɓin hankali kan riga sauran mutane mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma mafi yawa ciwon zuciya, suga da cututtuka masu yaɗuwa ke ɗauke su. Wasu magungunan nasu, irin su olanzapine, suna kawo ƙiba da hawan suga. Lithium kuma yana buƙatar a riƙa duba ƙoda, musamman a garin da ake zufa kamar namu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa irin wannan bawan Allah haƙƙin a kula da shi kamar kowa. A ganina, awon hawan jini da na suga a duk zuwansa karɓar magani yana cikin wannan haƙƙi.

Ƙwararru suna nan a asibitin Kware da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma mutumin Tangaza ko Isa ko Kebbe, ƙaramin asibitin garinsu zai fara isa. Kiranmu ga gwamnati shi ne kada a rasa ma'aunin zafi, abin gwajin maleriya, na suga da na hawan jini a nan, tare da ma'aikacin da aka koya wa ya yi amfani da su kafin ya rubuta takardar tura mutum gaba. Ku kuma 'yan uwa, idan za ku kai marar lafiya, ku zuba duk magungunan da yake sha a leda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku tafi da wanda ya san ranar da abin ya fara da yadda ya fara.