Ƙudurorin da ke Ƙasan Takardar Zaɓe a Kalifoniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye da 'yan'uwa, maza da mata, maganarmu ta yau a kan ƙudurorin nan ce da ake jerawa a ƙasan takardar zaɓe ta jihar Kalifoniya, waɗanda ake amsa su da e ko a'a. Babu tambarin jam'iyya a gefensu, saboda haka mu masu ra'ayin kawo sauyi, da muke son ma'aikaci da talaka su ci gajiyar doka, dole ne kowannenmu ya yi wa kansa jagora.

An shigo da wannan tsari jihar a 1911, zamanin Gwamna Hiram Johnson, domin a karya lagon kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific wanda ya riga ya sa majalisar jiha a aljihunsa. Sharaɗin da jama'a za su cika a yau kafin su sa ƙuduri a takardar zaɓe shi ne a tara sa hannun masu zaɓe da ya kai kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'un da aka jefa a zaɓen gwamna na baya idan sabuwar doka ake nema, ko kashi 8 idan kundin tsarin mulkin jiha za a taɓa. Tara sa hannun dubban ɗaruruwan mutane kuwa aikin kuɗi ne, shi ya sa kuke ganin masu karɓar sa hannu a bakin manyan kantuna, mafi yawansu biyansu ake yi. Makamin da aka ƙera don talaka ya zama mai kuɗi ne ya fi saurin ɗaukarsa.

Don haka tambayata ta farko a kan kowane ƙuduri ita ce wanda ya zuba kuɗi a kansa. Na san da yawa a zauren nan tuƙi suke yi da manhajar waya, kuma ba ku manta da Ƙuduri na 22 na 2020 ba. Majalisa ta yi doka a 2019 wadda za ta sa a ɗauki irin waɗannan direbobi a matsayin cikakkun ma'aikata, masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da inshorar rashin aiki. Sai Uber da Lyft da DoorDash da abokansu suka kashe sama da dala miliyan 200 suna tallata ƙudurin da ya cire direbobin daga wannan doka, tallan kuma cike yake da fuskokin direbobi masu yabon 'yancin aiki lokacin da suka ga dama. Ƙudurin ya wuce da kusan kashi 59. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sharaɗin da aka cusa a ciki, cewa majalisa ba za ta iya gyara shi ba sai da amincewar kashi bakwai cikin takwas na 'yan majalisa. Kotun ƙolin jiha ta tabbatar da ƙudurin a 2024. Dokar jiha ta wajabta a rubuta manyan masu ba da kuɗi guda uku a jikin talla, sai ku riƙa karanta waɗannan ƙananan haruffa kafin ku saurari muryar mai talla.

Wannan sharaɗi na bakwai cikin takwas ya kai mu ga wahalar warware abin da aka ƙulla. Dokar da majalisa ta yi, majalisa mai zuwa tana iya gyara ta, amma wadda jama'a suka kafa da ƙuri'arsu sai an sake komawa gare su, in ba ita kanta ta ba da izini ba. Ƙuduri na 13 na 1978 ya ƙayyade harajin gidaje da filaye a kashi 1 cikin ɗari na ƙimarsu, ya hana ƙimar hawa fiye da kashi 2 a shekara. Ya taimaki tsofaffi masu gida, wannan gaskiya ne, sai dai manyan kamfanoni ma sun fake a inuwarsa, makarantu da ƙananan hukumomi kuma suka rasa kuɗin shiga. Da aka nemi cire manyan kadarorin kasuwanci daga wannan rangwame a 2020, yunƙurin ya faɗi da ƙaramar tazara. Ni dai idan ƙuduri zai shiga kundin tsarin mulki kuma ban gamsu da shi sarai ba, a'a nake zaɓa.

A kula kuma da ƙudurin da aka kawo don ƙalubalantar dokar da majalisa ta riga ta yi, domin kafin 2023 a nan e na nufin dokar ta tsaya, a'a kuma na nufin a soke ta; yanzu kuwa zaɓin da ake rubutawa shi ne a bar dokar ko a soke ta. Haka Ƙuduri na 25 na 2020 yake, a kan dokar da ta soke belin kuɗi. Kamfanonin da ke tsayawa mutane beli ne suka kawo shi suna neman a'a, amma wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ma a'a suka ce, saboda tsoron kada lissafin kwamfuta da zai auna hatsarin sakin wanda ake tuhuma ya zalunci baƙar fata. A irin wannan rabuwar kai jerin shawarwarin ƙungiya ɗaya bai wadatar ba. Ku buɗe littafin jagorar zaɓe da jiha ke aikowa gida, ku fara da bayanin ofishin mai nazari na majalisa, wanda ba na kowace jam'iyya ba ne, inda ake faɗin abin da ƙudurin zai ci daga baitulmali da abin da e da a'a za su haifar.