Ghali Na'Abba: Kakakin da ya ba Obasanjo wa'adin mako biyu

Assalamu alaikum, masu kallo. Zango ɗaya tak Ghali Umar Na'Abba ya yi a Majalisar Wakilan Najeriya, daga 1999 zuwa 2003. Amma har yau, da zarar an ce majalisa ta zama 'yar amshin shata, sunansa ake kawowa a gwada. To me ya yi a shekara huɗun nan?

Haifaffen birnin Kano ne, a 1958, daga gidan 'yan kasuwa. Ya yi Kwalejin Rumfa, ya karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan ya shiga kasuwanci. Da soja suka tashi miƙa mulki, ya tsaya takara a PDP, ya ci kujerar Kano Municipal a 1999.

Ba shi aka fara zaɓa kakaki ba. Salisu Buhari ne, shi ma daga Kano. Ko wata biyu bai cika a kan kujera ba mujallar TheNews ta bankaɗo cewa ya ƙara wa kansa shekaru, kuma takardar digirin da ya ce ya samo daga Jami'ar Toronto ta Kanada ta jabu ce. A watan Yuli ya sauka yana hawaye. Da yake jam'iyya ta ware kujerar ga Arewa maso Yamma, sai 'yan majalisa suka ɗora Ghali.

Ku tuna yanayin lokacin. Shekara 15 da ɗoriya ƙasar ta yi a hannun soja, ta saba da doka ta fito daga bakin mutum ɗaya. Shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo tsohon janar ne, ya taɓa mulki da kaki, lokacin da babu wanda ke tsayar da shi ya ce kawo bayani. Yanzu ga wakilai 360, yawancinsu sabbin shiga, suna cewa kasafin kuɗi sai ya bi ta hannunsu, kuma abin da suka amince da shi dole a aiwatar. Daga nan aka sa zare.

Dubi dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC. Obasanjo ya ƙi sa hannu a kan yadda majalisa ta gyara ta. A shekarar 2000 majalisun biyu suka haɗa kashi biyu bisa uku na ƙuri'u, suka mayar da ita doka ba tare da sa hannunsa ba. Tsarin mulki ya ba su wannan dama, amma ba kowace majalisa ke da ƙarfin halin amfani da ita ba.

A dai wannan shekarar aka ga abin da ba a saba gani ba: aka zube damman kuɗi a tsakiyar zauren majalisa, gaban kyamarori, wasu 'yan majalisa suna cewa cin hanci ne aka raba domin a tsige kakaki. Ɓangaren zartarwa ya musanta. Ghali kuwa bai motsa ba. Ku kwatanta da Majalisar Dattawa: a shekara huɗun nan shugabanni uku ta yi, Evan Enwerem, Chuba Okadigbo, da Anyim Pius Anyim. A ganina nan ƙwarewarsa take. Ba iya magana kawai ba, ya iya riƙe mutanensa, 'yan PDP da na adawa, har suka ɗauka cewa wanda ya taɓa shi majalisar gaba ɗaya ya taɓa.

Tura ta kai bango a watan Agustan 2002. Majalisar Wakilai ta ba shugaban ƙasa wa'adin mako biyu, ya sauka ko ta fara shirin tsige shi. Cikin zarge-zargen akwai ƙin aiwatar da kasafin kuɗi yadda aka zartar, da tura sojoji Odi a 1999 da Zaki Biam a 2001, inda aka kashe fararen hula. Obasanjo ya yi biris. Tsige shugaba a Najeriya kuma ba wasa ba ne: sashe na 143 na tsarin mulki ya ce sai kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisun tarayya sun sa hannu, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa su amince a yi bincike, Alƙalin Alƙalai ya kafa kwamitin mutum bakwai, sannan a sake ƙuri'a. Ba a kai can ba. Manya suka shiga tsakani, ciki har da Yakubu Gowon da Shehu Shagari, aka yayyafa wa wutar ruwa.

Masu sukarsa na cewa rigimar ta cinye lokacin da ya kamata a yi wa talaka aiki, kuma majalisar tasa ita ma ba ta tsira daga zargin kuɗaɗen alawus ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Sai zaɓen 2003 ya zo. Ƙarfin da yake da shi a Abuja bai bi shi mazaɓa ba. Ya ɓata da shugaban jam'iyyarsa na gaskiya, wato shugaban ƙasa, ga kuma guguwar Muhammadu Buhari da ANPP ta mamaye Kano, wadda ta kayar da Kwankwaso ta kawo Shekarau. Ghali ya faɗi, Aminu Bello Masari ya zama kakaki.

Bai sake komawa majalisa ba. Ya yi ta shiga da fita tsakanin jam'iyyu, daga PDP zuwa AC, ya dawo PDP, ya koma APC, ya bar ta a 2018, yana sukar kowace gwamnati kan danne majalisa. Ya rasu a Abuja ranar 27 ga Disamba, 2023, yana da shekara 65, aka yi masa sutura a Kano. Allah Ya jiƙansa da rahama.