Takarda ta ƙi buɗewa a burauza? Kar ka yi wa wayarka filashin tukuna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar takarda za mu yi, irin wadda za ka danna, ka sake dannawa, burauza ta yi ta juyi ko ta nuno maka farin shafi fes kamar allon da aka wanke.

Abin da ya sa na yi bidiyon nan, satin da ya wuce ƙanwata ta shigo idonta jajir, wai silif ɗin jarrabawarta ya ƙi buɗewa kuma jibi za su rubuta, har ta je kasuwar waya wani mai gyara ya ce mata sai an yi filashin. Filashin fa! Alhali hotunan bikin yayarmu kaf suna ciki. Na karɓi wayar na shiga inda fayil ke sauka, ga takardar nan, amma a ƙasan sunanta an rubuta 0 KB. Buhu ne ba hatsi. Netwok ne ya yanke mata tana tsakar saukewa. Na jona ta da hotspot ɗina, muka goge wancan muka sake saukewa, nan take ta buɗe.

To ka fara da nan, duba nauyin fayil ɗin. A kwamfuta danna Ctrl da J, Chrome zai jero maka duk abin da ka sauke, har wanda ya katse a hanya.

Sai ka kalli ƙarshen sunan. In .pdf ne, Chrome da Edge da Firefox na kwamfuta suna buɗe shi da kansu, dama kamfanin Adobe ya fito da PDF tun 1993 don takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura. Amma .docx ko .xlsx ba aikin burauza ba ne, sai da Word ko Excel ko WPS Office. In kuma wani ya turo maka abu a WhatsApp ya ce takardar ɗaukar aiki ce, ka ga ƙarshensa .apk, don Allah kar ka taɓa. Manhaja ce aka ɓoye, ta nan ake kwashe wa mutane kuɗin asusu.

Yanzu ga wadda ta fi wahalar da mutane, musamman masu ciro silif ko rasit daga fotal, wato shafin makaranta ko hukuma. Ka danna wajen firintin, shiru, ka ƙara dannawa, shiru, sai ka ɗauka shafin ne ya lalace, ashe takardar a sabuwar taga take son fitowa, burauzarka kuma tana tare ƙofa don ta zaci talla ce. A Chrome na waya, danna ɗige ukun nan na sama, shiga Settings, sai Site settings, sai Pop-ups and redirects, ka kunna. In ka gama ka mayar ka kashe, in ba haka ba tallace-tallace za su dame ka.

Masu Opera Mini, na san don tattalin data ne, kuma ban ga laifinku ba da tsadar nan. Sai dai a Opera Mini shafin sai ya bi ta sabarsu, wato kwamfutocin kamfanin, an matse shi kafin ya iso gare ka, wurin matsewar ne wasu maɓallan ke daina aiki. Takarda mai muhimmanci, koma Chrome na minti biyar.

Duba agogon wayarka ma. Kwanan wata in ya goce, burauza sai ta ce shafin ba amintacce ba ne ta ƙi wucewa. Sa shi ya riƙa saita kansa.

Har yanzu shiru? Gwada Incognito, wato tagar sirri ta Chrome, Ctrl da Shift da N a kwamfuta. In ta buɗe a can, to tarkacen da burauza ta tara ne, ko wani ƙari (extension) da ka ɗora mata, sai ka share kesh, wato wannan tarkacen, ko ka kashe ƙarin.

In ka gwada wayar maƙwabcinka ita ma ta ƙi, matsalar daga shafin take, wataƙila mutane ne suka yi masa rubdugu lokaci guda. Ajiye wayar, ka sake gwadawa bayan sallar asuba kafin gari ya tashi.